Jitar Audi Cikin Likkafani

Ku da kuke biye da ni tun farko, sannunku da haƙuri. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ya matso in gaya masa inda aka tsaya, don ba na son a katse ni ana tambayata wane ne wane.

Sunana Tasallah, 'yar Malam Usuman limamin unguwarmu a Illo. Shekarata ashirin da huɗu. Mijina ya rasu ina da cikin wata biyar, shi ya sa ɗan da na haifa ake ce masa Audi, kamar yadda ake kiran duk yaron da bai tarar da ubansa ba. Bana shekararsa bakwai, ni kuma shekarata bakwai ke nan a ɗakin da na bari ina amarya na dawo ina bazawara. Ƙanwar Baba, Goggo Uwa, ta ɗauki zamana a gida kamar ciwon haƙori, da shi take tashi, da shi take wuni.

"Tasallah, mi kike jira ne? Ƙasa ma watan gobe za ta samu 'yancin kai, ke kina nan zaune."

"Goggo, ai ƙasar ma shekara sittin ta yi tana jira."

"To ranar da Turawa suka tahi, ke ma ki bi bayansu."

Abin da Goggo ba ta faɗa shi ne, ba ni nake korar maza ba. Mutum huɗu suka zo, huɗun Baba ya sallame su. Na farko ya yi fito a ƙofar gida. Na biyu ya zo da akwatin rediyo a kafaɗa. Na uku ya yi dariya har aka ga dasashinsa. Na huɗu bai yi laifin komai ba, Baba ya ce mutumin da ba a ga laifinsa ba ya iya ɓoyewa ne. Ban yi kukan ko ɗaya ba, in gaya muku gaskiya. Na biyar ne ya hana ni sakewa.

Bunyaminu tela ne, shagonsa na bakin kasuwa kusa da masu goro. Dogo, siriri, kullum igiyar awo na rataye a wuyansa kamar da ita aka haife shi. Yana da i'ina, amma ba kullum ba. In hankalinsa a kwance yake, magana ras. In ya tsorata kuwa, kalma takan tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ni kuma tun ranar farko tsoro nake ba shi, saboda haka ya koma rubutu. Da ajami yake yi, a 'yar takarda, ya cusa a aljihun rigar Audi in an kai gyara. Goggo ta yi ta mamakin yadda rigunan yaron nan suke yagewa sau biyu a mako. Ni na san almakashin da ke yaga su.

Ga irin abin da yake rubutowa, don ku san ba mawaƙi na samu ba:

"Ranki ya daɗe. Na ƙara wa hannun rigar inci ɗaya, yaron yana tsawo. Ni kuma ina ramewa. Bunyaminu."

Baba ya sa masa ranar Lahadi bayan la'asar ya zo zaure su gana. In ya ce to, an gama. In ya ce a'a, ba ya sake duba magana, ko da gari duka zai zo ya durƙusa. Ku riƙe wannan Lahadin, za ta dawo.

Yanzu batun jita. Da damina ta faɗi, wani direban lori ɗan Dahome ya kwana biyu a tasharmu motarsa ta lalace, ya zauna a gindin ɗorawa yana kaɗa jita. Audi ya gani. Tun daga ranar yaron nan ya daina zama namu. Ya samo gwangwanin kifi, da sanda, da wayar birkin keke, ya haɗa wani abu mai kukan akuyar da aka taka. Baba ya tarar da shi a bayan rumbu. Ku sani, Baba da Audi abokai ne, kwano ɗaya suke ci, "Maigida" yake ce masa, yaron kuma yana jan gemunsa ba a hana shi. Amma ranar Baba bai yi wasa ba.

"Maigida, gidan ga ba a kiɗa, ba a roƙo. Allo muka gada."

Ya karɓe gwangwanin ya jefa kan rumbu. Audi bai yi kuka ba. Kwana biyu dai tuwo yana komawa yadda aka zubo shi.

Da rigar gaba ta dawo daga gyara, ga abin da ke aljihu:

"Zan saya masa ta gaske a Malanbil. Ta zauna a shagona, ya riƙa zuwa. Malam ba zai sani ba."

Na san abin da za ku ce. Da na ce a'a. Amma ku da ba ku taɓa haihuwar ɗan fari ba, ba ku san abin da ake ciki ba. Ba na kiran sunansa a gaban mutane, ba na ɗora shi a cinya, in ya faɗi sai in kau da kai wata ta ɗaga shi, duk don kada a ce ba ni da kunya. Shekara bakwai ina son yaron nan a ɓoye kamar kayan sata. Na so a ce akwai abu ɗaya da zai riƙe wanda ni na ce a ba shi. Na juya bayan takardar na rubuta: "Ƙarama, daidai hannunsa."

Goggo Uwa takan ƙetara iyaka zuwa Malanbil, can ƙasar Dahome, saro atamfa, ni nake bin ta ɗaukar kaya. Bunyaminu kuma an ba shi ɗinkin 'yan tutocin da 'yan makaranta za su riƙe ranar bikin 'yancin kai, yana neman koren yadi da farin alawayyo. Sai aka yi dace, irin dacen da aka shirya tun ranar Talata, muka haɗu a mota ɗaya ranar Asabar. Na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yi kallabin da ya hau da ita, na zizara tozali, lallen ƙafata bai gama kwana uku ba. Goggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Dako za ki ko biki?"

"Ɗan dako ma mutum ne, Goggo."

"Awo. Ga tela can ya goge kaftani kamar za shi gaban alƙali."

A hanya muka gaya mata batun jitar. Ta yi salati, ta ce ba ruwanta, sannan ta ce in dai za a saya to ita za ta yi ciniki, don tela ko albasa aka aike shi saye sai an cuce shi.

Muka kwana a can, da safiyar Lahadi muka sami rumfar mai jita. Wani Bayarabe ne daga Kutonu yake sayar da kayan da Faransawa suka bari, tunda watan jiya Dahome ta riga mu samun nata 'yancin, Turawan suna ta tattara komatsai. Akwai fitilu, akwai kujerun ƙarfe, akwai wani agogon bango da ya tsaya tun zamanin da mai shi yake da iko. Jita uku ke rataye. Ta farko ƙatuwa, ta wani tsohon soja ce. Ta biyu ta tsage a ciki an liƙe da ƙaro. Ta uku 'yar ƙarama, launin zuma, mai kayan ya ce ta ɗan wani Bature ce, ya yi wata biyu da ita ya gaji.

Bunyaminu ya zare igiyar awo daga wuya. Ya auna wuyan jitar, ya auna faɗin cikinta, ya ɗan rufe ido.

"Hannun Audi inci goma sha bakwai ne daga kafaɗa. Babbar za ta karya masa ƙashin baya. Wannan ce tasa."

Amma ku gaya mini, a cikin huɗun da suka wuce, wa ya san tsawon hannun ɗana?

Goggo ta karɓa. Ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa kamar mai sayen tukunya, ta kai hanci ramin ta sansana, ta girgiza ta ji ko akwai ɓera.

"Wofi ce ciki. Mi za a biya a nan? Iska?"

"Mama, iskar ce ke waƙa."

"To rage mini kuɗin iskar."

Ba zan gaya muku yadda aka ƙare ba, sai dai mai rumfa ya yi gumi, ya sha ruwa sau biyu. Da aka shirya kuma ya ce ai ba a tafiya da ita ita kaɗai. Nan na gane jita kamar amarya take, sai da kayan ɗaki. Ya fito da tsirkiya shida na ajiya a cikin 'yar ambulan, ya ce ta ƙasa siririyar ita ce mai yawan tsinkewa, yaro kuwa sai ya tsinka. Ya kawo maratayi na fata don kada ta suɓuce. Ya kawo wani usur mai baki shida, ya ce kowane baki muryar tsirkiya ɗaya ce, a hura a murɗa 'yan kunnuwan da ke kan jitar har muryoyin su haɗu, in ba haka ba kukan jaki za a yi ta ji. Sannan ya ɗauko wani ɗan falle kamar farce, wai da shi ake kaɗawa don kada yatsun yaro su yi kanta.

Goggo ta ɗaga shi a rana. "Wanga ɓawon kifi ne. Muna da buhu a gida."

"Na Faransa ne, Mama."

"Kifin Faransa ya fi namu ɓawo?"

Ta sa aka ba mu shi gyara. Abu ɗaya ya rage, jakar da ake sa ta. Mai rumfa ya ce Baturen ya tafi da jakar ya zuba takalma. Ya ɗaga yatsa ya yi mana gargaɗi: kada ruwa ya taɓa ta, kada rana ta doke ta, kada a ɗora mata kaya, kada a ɗora ta a ka. A rungume ta kamar jinjiri.

Hadari kuwa ya haɗo ta gabas. Bunyaminu, da yake mutum ne mai tsabtar aiki, ya yanki farin alawayyon tutoci ya naɗe ta tsaf. Ya yago ƙyalle uku ya ɗaure sama, ya ɗaure tsakiya, ya ɗaure ƙasa. Ya ari sabuwar tabarmar da Goggo ta saya ya ƙara naɗewa, farin yana leƙowa ta kai da ta ƙafa. Ya ɗauka a hannu biyu, a kwance, a ƙirjinsa.

Mu uku muka tsaya muna kallon abin nan, ba wanda ya ga komai. Ni 'yar liman ce. Sau nawa na ga an fito da irin wannan ɗaurin daga gidajen mutane? Amma idona na kan wuyan tela, inda igiyar awo ta bar zane.

A tasha aka fara. Wurin da ya rage masa a bayan lori kusa da buhunan barkono ne, kafin a tashi idanunsa sun yi jawur, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Direba ya zagayo, ya dube shi, ya dubi abin da ke hannunsa, ya cire hula.

"Bawan Allah, sauko. Zo ka zauna gaba."

Bunyaminu ya yi zaton kirki ne kawai na mutanen Dahome. Mu muna baya cikin mata da ƙullin atamfa. Motar da aka shigo ana hayaniya sai ta yi tsit. Wata tsohuwa kusa da ni ta fara share ido da bakin zane.

"Allah ya sa mai ceto ne," ta ce. "Ɗan ƙarami. Ga uban ma, shi kansa yaro ne."

Sai a lokacin na gani. Na buɗe baki, Goggo ta kama cinyata ta murɗe.

"Rufa mini baki," ta ce a kunnena. "Ga duwan nan gaba. Turmi goma sha biyu ke ƙarƙashina."

Duwan su ne masu binciken kaya na wancan ɓangaren, namu kuma kwastan. Kullum sai sun sauke kowa sun zazzage ƙulli. Ranar, na farko ya leƙa gaban mota, ya ja da baya, ya cire hularsa ya ɗaga sanda. Namu ma haka, har da cewa direba ya yi sauri kada rana ta yi. Goggo ta sunkuyar da kai tana "Allah ya saka, Allah ya saka" da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Daga baya Bunyaminu ya gaya mini cewa a nan ne ya gane, lokacin da direba ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ma ya binne biyu. Ya so ya yi magana. Ga mutum yana ba shi labarin 'ya'yansa da suka rasu, ga kwastan a tsaye. Kalmar ta hau ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Na ce a raina, in mun isa Illo ya sauka ya shige shagonsa, shi ke nan, sai mu yi istigfari.

Na manta garinmu. A Illo ba a wucewa da gawa namiji ya ci gaba da abin da yake yi. Duk wanda ya gani sai ya tashi ya bi, ko ya san mai ita ko bai sani ba. Direba ya sauko ya faɗa wa mutum biyu, mutum biyun suka faɗa wa tasha. Masu goro suka rufe faifai. Sambo mahauci ya ajiye wuƙa ya wanke hannu. Kafin Bunyaminu ya taka goma, mutum ashirin na bayansa. Ya karkata zai bi hanyar shago, Malami ladan ya kama gwiwar hannunsa a hankali ya juyo da shi.

"Ba nan ba, ɗana. Ruɗewa ce, mun sani. Gidan Malam za mu."

Gidan Malam. Gidanmu. Wa ke sallar gawa a unguwar nan in ba Baba ba?

"Goggo, ki yi magana!"

"In shiga cikin maza ana rakiyar gawa? Kin taɓa gani?"

Gaskiyarta, mata ba sa bi. Muka ɗauki ƙulli muka yanka ta lungun masu tukwane da gudu, kallabina ya faɗi ban tsaya ba. Muka shiga ta ƙofar baya. Na zubar da atamfa a tsakar gida na nufi ƙofar zaure ta ciki, inda katako ya tsage daidai ido. Na sha leƙa maneman aurena ta nan. Ban taɓa leƙa ɗaya da jama'a arba'in a bayansa ba.

Sun iso. Har an tura samari maƙabarta da magirbi. Baba ya fito da carbi a hannu, rawaninsa a warware rabi, ya yi salati. Bunyaminu na tsaye a tsakiya, farin kaftaninsa ya jiƙe da gumi, idanu kamar garwashi.

"Bunyaminu? Ɗan wa ne?"

"Ma... Ma... Ma..."

"Sannu. Yi a hankali. Ɗan wa ne?"

Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Sai wani daga baya, irin mutanen da ba a rasawa a kowane taro, ya ce: "Ai da ɗiyakka suka tahi Malanbil, Malam. Tare aka gan su a mota."

Na ga Baba ya juya ya dubi dakalin da Audi yake zama da allonsa. Allon na nan, jingine. Yaron ba ya nan. Ba mu tafi da shi ba, amma tun asubar jiya Baba ya tafi wani suna a bayan gari ya kwana can, dawowarsa ke nan, bai san wanda ya tafi da wanda ya zauna ba. Ya sake duban tabarmar, ya auna tsawonta da ido.

"Maigida?" ya ce. Ba da ƙarfi ba. Ya sake cewa, "Maigida?"

Carbin ya faɗi. Baba, wanda ya binne mahaifiyata bai bari an ga hawayensa ba, ya lalubi bango ya zauna a ƙasa, kan turɓaya, a gaban mutane. Ban san fuskarsa tana iya zama haka ba. Na kama sakata zan buɗe, in fita ba kallabi, kowa ya ce abin da zai ce.

Tela ya riga ni.

"JITA CE!"

Har tsuntsayen kan dalbejiya suka tashi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ashe ajiya yake yi.

"Jita ce, Malam! Ba mutum ba ne! Audi lafiyarsa lau! Ni na saya masa, ni na naɗe, ni na yi shiru tun daga kan iyaka. Kada ka yi kuka, Malam, katako ne!"

Ko i'ina ɗaya babu. Ya durƙusa ya warware tabarma, ya tsinke ƙyallayen da haƙori, ya yaye alawayyo. Ga ta nan kwance, launin zuma, tana ƙyalli. Hannunsa ya goge tsirkiyoyin, ta yi "giriiin" a tsakiyar jama'ar da suka zo jana'iza.

Ba wanda ya motsa. Sai daga kan rumbunmu, inda ashe ya hau neman gwangwaninsa, wata 'yar murya ta ce:

"Tawa ce?"

Malami ladan ne ya fara. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, ya juya ya fuskanci bango. Sambo mahauci kuwa bai ga abin dariya ba.

"Na bar rabin sa ƙuda na walima! Na yi alwala! Tela, har hawaye na yi maka!"

"Ladan niyya na nan, Sambo," in ji wani.

"A ba ni shi a nama!"

Baba ya miƙe. Bai dubi jitar ba. Ya je gindin rumbu ya ɗaga hannu, Audi ya sauko, ya riƙe shi ya daɗe, yana shafa kansa kamar yana ƙirga gashin. Sannan ya juyo ya ba jama'a haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya ga tafiyarsu. Da ya zo kan Bunyaminu, muryarsa ta koma yadda muka san ta.

"An haƙa rami saboda kai. Ba a barin kabari buɗe. Tahi ka rufe shi, kai kaɗai. In ka gama, muna da magana bayan la'asar. Ban manta ba."

Ya sa aka shigar da jitar zaure.

Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Goggo ta shigo tana jera atamfarta a adaka, har da 'yar waƙa a hanci.

"Mai fito ma an kore shi, Goggo. Wannan fa?"

"Wanga ko gaisuwa ba za a amsa masa ba. Amma kin ga ko turmi ɗaya ba a taɓa ba."

Da aka idar da la'asar na koma tsagar ƙofa. Goggo ta biyo ni da ludayi a hannu, wai ta zo ta ja ni, ta kuwa ture ni ta sa nata idon. Muka raba tsagar, ita sama ni ƙasa.

Bunyaminu ya shigo. Kaftanin da aka goge da safe ya koma jar ƙasa har gwiwa, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya durƙusa nesa da buzu. Audi na gefen Baba, idonsa na kan jitar da ke jingine da bango.

"Ka rufe?"

"Na ru-rufe, Malam."

"Ka san gidan ga ba a kiɗa?"

"Na sani."

"Ina ka yi niyyar ajiye ta?"

"A sha-shagona. Don kada ka sani."

Na dafe kai. Ko ƙaryar ceton rai bai iya ba.

"Da sanin Tasallah?"

Ya dubi ƙasa. "Ni na ka-kawo shawarar."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Amma na ji amsar." Baba ya ja carbi. "Tun daga kan iyaka har ƙofata bakinka ya ƙi buɗuwa. Kwastan ba su buɗe shi ba, mutum arba'in ba su buɗe shi ba. Da ka ƙara shiru kaɗan, da ka ja ni gefe ka raɗa mini, ka fita da mutuncinka. Mi ya sa ka yi ihu a gaban gari?"

"Na ga fuskarka, Malam."

Baba ya ajiye carbin a cinya.

"Huɗun da suka riga ka duk sun iya magana," ya ce. "Ba wanda ya dubi fuskata. Garin ga zai yi shekara ashirin yana maka dariya, za su sa maka suna, jikokinka ma sai sun ji. Za ka iya?"

"In da Ta... in da ita, zan iya."

"To ka turo magabatanka ranar Juma'a. Su zo hannu sake. Kada wanda ya naɗo komai."

Goggo ta sake murɗe mini cinya, wannan karon na bar ta. Ban san ina kuka ba sai da tozali ya shiga mini baki.

Baba ya juya wajen Audi. "Kai kuma Maigida, ji nan. Allo da safe, allo da yamma. Abin ga a shagon tela zai zauna. Kuma ranar da wani ya miƙo maka ko anini don ka kaɗa, ka karɓa, ranar zan hura wuta da ita. Ka ji?"

"Na ji, Malam!"

"Miƙo ta in ga abin da ya tashi gari."

Audi ya kawo ta da hannu biyu. Bunyaminu ya yi sauri ya laluba aljihu ya fito da usur ɗin nan mai baki shida, zai fara bayani. Baba bai ko kalle shi ba. Ya ɗora jitar a cinya, ya karkatar da kai, ya taɓa tsirkiya ɗaya da babban yatsa. Ya murɗa kunnenta kaɗan. Ya taɓa ta biyu, ya murɗa. Yatsun nan da na sani da alƙalami da carbi kawai suka bi wuyanta suka sauka kamar masu komawa gida. Sai wani ɗan kiɗa ya fito, gajere, mai daɗi, irin na molo, wanda ya sa tsigar jikina ta tashi.

Ya tsaya kamar wanda aka taɓa. Ya miƙa wa Audi da sauri.

"Ta ukun ta gaji, a sa sabuwa," ya ce yana gyara rawani. "Wuyan kuma ya ɗan karkace. An cuce ka, tela."

Ludayin Goggo ya faɗi ƙasa. Na ɗago na dube ta, matar da ta yi wa kwastan biyu kukan ƙarya ɗazu, yanzu idonta ya cika da na gaske.

"Shekara arba'in," ta ce, ba da ni take ba. "A gaban mahaifinmu ya fasa nasa, ya rantse."

"Goggo, wa ya fasa me?"

Ta sunkuya ta ɗauki ludayin, ta goge shi da zane, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ke da za a yi wa aure, kin tsaya leƙen maza. Tahi ki duba tuwo, yana kamawa."